Wace Lasifika Zan Saya Don Jin Kiɗa a Gida, Kuma Wace Risiba Ce Za Ta Dace da Ita?

Tambayarka, malam, ita ce kana son haɗa kayan sauti a ɗakin zama domin sauraron kiɗa kawai, ba don kallon fim ba, kuɗin da ka ware ba su da yawa, kuma ka rasa inda za ka fara tsakanin lasifikoki biyu da risibar da za ta tura musu wuta, wato amfilifaya, na'urar da ke ƙarfafa sauti, haɗe da rediyo. Ka kuma ce abin da ya fi ruɗa ka shi ne lambobin wat da ake bugawa a jikin kwali, domin wani kwalin yana cewa wat 50, wani kuma yana cewa wat 2000, alhali girman kayan kusan ɗaya ne.

Shawarata ita ce ka fara da lasifika, ka ba ta kaso mafi tsoka na kuɗinka, sannan ka nemi risibar da za ta iya ɗaukar nauyinta. Dalili kuwa shi ne a cikin dukan kayan nan lasifika ce kaɗai take mayar da wutar lantarki ta zama motsin iska, kuma a wannan aikin ne ake samun mafi yawan kuskure. Tsarin da kusan kowace lasifika ke amfani da shi a yau, wato naɗin siririyar waya da ke motsi a tsakiyar maganaɗisu yana tura wani faifan takarda ko roba, shi ne wanda Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana a shekarar 1925 a kamfanin General Electric na Amurka, kuma duk gyaran da aka yi masa tun daga lokacin bai raba shi da kasancewa abu mai nauyi da dole ya motsa ya kuma tsaya cikin ƙiftawar ido ba. Amfilifaya mai matsakaicin inganci tana gurɓata sauti da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sau da yawa ma ƙasa da haka nesa, amma lasifika mai kyau tana iya wuce wannan adadin idan aka matsa mata a sautin ƙasa. Saboda haka idan ka sauya risiba da wata irinta, da wuya kunnenka ya lura, amma idan ka sauya lasifika, ko baƙon da ya shigo ɗakin zai ji bambanci. Ni ina ganin kashi biyu cikin uku na kuɗin ya kamata su tafi ga lasifika, ko kuma aƙalla rabi da ɗoriya.

Kafin ka dubi kowace lasifika, ka auna ɗakinka, ka kuma auna tazarar da ke tsakanin kujerar da kake zama da bangon da kayan za su tsaya. Idan tazarar ba ta wuce mita biyu zuwa uku ba, kuma ɗakin matsakaici ne, ƙananan lasifikoki irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta ko a kan ƙafa ta musamman sun ishe ka, kuma a kuɗi kaɗan su ne suka fi dogayen da ke tsayawa a ƙasa inganci. Abin da ya sa haka lissafi ne na masana'anta: dogon akwati yana cin katako, yana cin kuɗin sufuri, yana buƙatar bakuna, wato faya-fayan da ke fitar da sauti, uku ko huɗu, don haka idan farashinsa ya yi daidai da na ƙaramin akwati mai baki biyu, to lalle an rage wani abu a ciki, ko kaurin katakon, ko ingancin bakunan, ko kuma kayan da ke raba sauti tsakaninsu. Akwatin da katakonsa bai da kauri yana rawa tare da kiɗan, yana ƙara nasa amon a kan muryar mawaƙi. Gwajin wannan mai sauƙi ne, ka ƙwanƙwasa gefen akwatin da bayan yatsa. Idan ka ji amo gajere mai tauri, an ɗaure cikinsa da kyau, idan kuwa ya amsa maka kamar ganga, ka ajiye shi.

Ƙaramar lasifika da aka saba gani tana da baki biyu. Babban, wanda masu sana'ar ke kira wufa, faɗinsa yakan kai inci 5 zuwa 6 da rabi, shi ke fitar da sautin ƙasa da na tsakiya, ƙaramin kuma, wanda faɗinsa yake kusan inci ɗaya, shi ke fitar da siririn sauti. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga Hz 20 zuwa Hz 20,000 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya, ƙaramar lamba ita ce sautin ƙasa), amma yawancin kiɗa bai sauka har can ƙasa ba. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa a kusan Hz 41, maɓalli na ƙarshe a hannun hagu na fiyano kuma yana Hz 27.5, wanda ba kasafai ake taɓa shi ba. Lasifika mai wufa inci 6 da rabi da ta sauka zuwa Hz 45 ko 50 za ta ba ka kusan dukan abin da ke cikin waƙa, sai dai ba za ta girgiza maka ƙirji ba. Idan ka karanta iyakar sautin da aka rubuta a takardar bayani, ka duba ko an biyo ta da alamar ±3 dB, wadda ke nufin ƙarar ba ta hawa ko sauka fiye da desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a cikin wannan iyakar, domin idan babu wannan alamar, lambar ba ta gaya maka komai ba, tunda kowace lasifika tana iya fitar da ɗan raɗa a Hz 30 wanda kunne ba zai ji ba.

A nan akwai wata ƙa'ida da ake danganta wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutane ukun da suka kafa kamfanin KLH a 1957, wadda ta cancanci ka riƙe ta a ka. Abubuwa uku ne kowa ke so a lasifika: ƙaramin akwati, sautin ƙasa mai zurfi, da kuma ƙara mai yawa daga wuta kaɗan. Biyu kawai ake iya samu a lokaci guda. Ƙaramin akwati mai zurfin sauti dole ya ci wuta, wanda ba ya cin wuta kuma yake da zurfi dole ya zama babba. Duk tallar da ta yi maka alkawarin ukun gaba ɗaya, akwai abin da ta ɓoye.

Wannan ya kawo mu ga lambobi biyu da su ne ainihin abin da ke haɗa lasifika da risiba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake rubutawa da manyan haruffa a kwali. Ta farko ita ce yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa idan aka ba ta wat ɗaya aka auna daga nisan mita ɗaya, ana kuma rubuta ta da desibel. Yawancin ƙananan lasifikoki suna tsakanin desibel 84 da 88. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙarin desibel 3 kacal yana buƙatar ninka wutar sau biyu, kuma kafin kunne ya ji cewa ƙara ta ninku, sai an ƙara kusan desibel 10, wato an ninka wutar sau goma. Ma'anar wannan ita ce bambancin risiba mai wat 50 da mai wat 100 desibel 3 ne kawai, ɗan ƙarin da za ka lura da shi amma ba zai ba ka mamaki ba. Haka kuma lasifika mai desibel 88 a kan risiba mai wat 40 za ta yi ƙara daidai da mai desibel 85 a kan risiba mai wat 80.

Bari mu yi lissafin da misali. A ce lasifikarka desibel 87 ce, kana zaune mita uku daga gare ta. A fili, duk ninkin tazara yana rage kusan desibel 6, don haka a mita uku za ka rasa wajen 9 zuwa 10. Amma lasifikokin biyu ne, wanda ke mayar maka da kusan 3, bangon ɗakin kuma yana dawo da wani ɓangare na sautin, sai ka tarar da wat ɗaya tak a kowane gefe yana ba ka abin da ya haura desibel 80 a kujerarka. Wannan ƙara ce sosai, domin hukumar NIOSH ta Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata ta sa iyakar desibel 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. To, mene ne amfanin sauran wat ɗin? Amfaninsu shi ne kiɗa ba ya tafiya a kan mataki ɗaya. Bugun ganga ko saukar hannu a kan fiyano yana iya haura matsakaicin ƙarar waƙar da desibel 10 zuwa 15 na ɗan lokaci ƙanƙane, kuma wannan tsallen yana neman wutar da ta ninka ta farko sau goma zuwa talatin. Don haka risiba mai wat 40 zuwa 60 na gaskiya a kowane gefe ta wadatar da matsakaicin ɗaki, har da rara.

Na ce "na gaskiya" ne da gangan. A 1974 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta kafa doka saboda irin wannan ruɗanin da ka faɗa a ciki, inda ta tilasta wa masu ƙera amfilifayar gida su bayyana wutar da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, tare da faɗin om nawa, wato ma'aunin turjiyar lasifika, aka gwada da shi, da iyakar sautin, da kuma yawan gurɓatar. Rubutu na gaskiya yana kama da haka: wat 50 a kowane gefe, a om 8, daga Hz 20 zuwa 20,000, gefe biyu suna aiki tare, gurɓata ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari. Idan ka ga an rubuta cewa an auna a Hz 1,000 kawai, ko gefe ɗaya kawai, ko kuma gurɓatar ta kai kashi 10 cikin ɗari, to ka rage lambar a zuciyarka. Ita kuwa lambar da ake biyo ta da haruffan PMPO, wato ƙololuwar wutar da ake cewa na'ura tana kaiwa na ɗan lokaci ƙanƙane, wadda daga ita ne wat 2000 ɗinka ya fito, ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, kuma kana iya tabbatar da haka da kanka idan ka juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja daga soket. Na'urar da ke jan wat 60 daga bango ba ta da inda za ta samo wat 2000 ta ba lasifika a ɗore.

Lamba ta biyu ita ce om, wato yadda lasifika ke turje wa wutar da ake tura mata. Za ka ga an rubuta 8, ko 6, ko 4, amma wannan matsakaici ne kawai, domin turjiyar tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ake bugawa, kuma lasifikar da aka rubuta wa om 6 tana iya sauka zuwa kusan 4 a wani wuri. Duk lokacin da om ya ragu da rabi, lasifika tana jan ninki biyu na kwararar wuta, kuma a nan ne risiba mai arha take nuna rauninta, tunda wurin da aka fi rage kuɗi a cikinta shi ne taransifoma da faffaɗan ƙarfen da ke zuƙe zafi. Alamun sun haɗa da zafi fiye da kima, da kashe kanta idan aka ƙara murya, da kuma sautin ƙasa da ke sakin jiki. Ka duba bayan risibar kusa da wurin ɗaura waya, za ka ga an rubuta mafi ƙarancin om da take ɗauka. Idan ta ce 6 ko 8, kada ka haɗa mata lasifika mai om 4. Kuma ka yi hattara da maɓallin nan na A da B mai zaɓar rukunin lasifikokin da za su yi aiki, domin a yawancin risiba idan ka kunna lasifikoki huɗu a lokaci guda om ɗin yana rabuwa biyu, wato lasifika biyu masu om 8 a gefe ɗaya sun zama om 4. Misalin da ake yawan kawowa a nan shi ne amfilifayar NAD 3020 da ta fito a ƙarshen shekarun 1970, wadda wat 20 kawai aka rubuta mata a kowane gefe, amma ta yi suna saboda tana iya jure lasifikoki masu wuyar sha'ani waɗanda suka gagari wasu masu lambobi ninkin nata.

Akwai wani kuskure da na sha gani, inda mutum yake tsoron kada risiba mai ƙarfi ta ƙona masa lasifika, sai ya sayi mai rauni yana ganin ya tsira. Sau da yawa akasin haka ne ke faruwa. Idan aka murɗa ƙaramar amfilifaya har ta ƙure, takan yanke kan igiyar sautin ta mayar da shi mai kaushi, kuma wannan kaushin yana tura wuta mai yawa zuwa ƙaramin bakin nan na siririn sauti, wanda naɗin wayarsa bai fi gashin kai kauri da yawa ba. Shi ne yake fara ƙonewa. Kunnenka ne mai gadinka a nan: da zarar ka ji sauti ya fara tsatsa ko muryoyi sun cuɗe, ka rage.

Game da irin risibar da za ka saya, tunda kiɗa kawai kake so, ka nemi mai gefe biyu, ka bar waɗanda aka yi domin fim masu gefe biyar ko bakwai. A irin waɗancan ana raba kuɗin ƙira tsakanin amfilifaya da yawa da kayan sarrafa hoto da lasisin fasahohin da ba za ka yi amfani da su ba. Risiba dai ba komai ba ce illa amfilifaya da aka haɗa mata rediyo a ciki, don haka idan ba ka sauraron rediyo, amfilifaya zalla ma ta yi, har da ƙananan nan na ajin D waɗanda ba sa zafi sosai saboda kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suke ja tana tafiya ga lasifika. Abin da zai raba maka gardama shi ne ƙofofin shigar sauti, saboda haka ka lissafa abin da za ka jona. Idan kana da injin faifan garmaho, kana buƙatar ƙofar da aka rubuta wa PHONO, domin sautin allura 'yan milibolt ne kawai, kuma an rage masa kauri an ƙara masa zaƙi tun wajen yanka faifan bisa ma'aunin RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, na 1954, dole sai an mayar da shi daidai. Idan daga talabijin ko kwamfuta za ka ɗauko sauti, ka nemi ƙofar dijital. A matsayin misali na yadda kayan da suke aji ɗaya suke bambanta, Sony STR-DH190 tana da ƙofar faifan garmaho da Bluetooth, Yamaha R-S202 kuma tana da Bluetooth amma ba ta da ƙofar faifan, kuma dukansu biyu ba su da ƙofar dijital. Shi Bluetooth yana matse sauti kafin ya aika, amma a kayan wannan matakin matsalar ɗaki da ta lasifika sun fi tasa girma nesa ba kusa ba, don haka kada ya hana ka barci. Idan kana tunanin ƙara sabwufa, wato lasifikar sautin ƙasa zalla, nan gaba, ka duba ko akwai ƙofar fita dominta tun yanzu.

A ɓangaren lasifika kuwa, jerin Diamond na Wharfedale, da Debut na ELAC wanda Andrew Jones ya fara zanawa a 2015, da ƙananan lasifikokin Q Acoustics da Polk da JBL, duk wurare ne masu kyau na fara dubawa, amma suna kaɗai ba hujja ba ne. Binciken da Floyd Toole ya yi shekaru da dama a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada, daga baya kuma a kamfanin Harman tare da Sean Olive, ya nuna cewa idan aka ɓoye lasifikoki a bayan labule, yawancin masu sauraro suna zaɓar wadda ba ta fifita wani sashe na sauti a kan wani, wadda kuma sautin da take watsawa gefe ya yi kama da wanda take turawa gaba. Ya kuma nuna cewa idan aka ɗage labulen, girman akwati da kyawun fenti da sunan kamfani suna sauya hukuncin mutane. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ganin ne ke yaudara. Idan ka je gwaji, ka tafi da waƙoƙi uku ko huɗu da ka sani kamar yunwar cikinka, a cikinsu har da mai murya zalla, domin kunnen ɗan Adam ya fi saurin gane ƙarya a murya. Ka tabbatar an daidaita ƙarar lasifikokin da kake kwatantawa, saboda wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita ce take kama da mafi kyau. Ka kuma yi zargin wadda ta burge ka a minti na farko da yawan zaƙi da dukan ƙirji, domin irinta ce ke gajiyar da kunne bayan rabin awa.

Kayan hannu hanya ce mai kyau ta samun inganci a kuɗi kaɗan, musamman lasifika, wadda takan yi shekara ashirin ko fiye tana aiki. Ka duba zoben da ya kewaye wufa, domin idan na soso ne yakan ruɓe da tsufa, ko da yake ana iya sauya shi. Ka tura wufar a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarta, idan ka ji tana gogar wani abu, naɗin ya lalace. Ka kanga kunne kusa da kowane ƙaramin baki ka tabbatar yana magana. A tsohuwar risiba kuma ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar ƙaiƙayi, ka saurari gefe biyu ko ƙarfinsu ɗaya, ka kuma karanta ko an yi ta domin wutar bolt 110 zuwa 120 ne ko 220 zuwa 240 kafin ka jona ta.

Waya kuwa kada ka ɓata kuɗi a kanta. Wayar jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 1.5 murabba'i ta isa ga tsawon da bai wuce mita biyar ko shida ba, idan ya fi haka ka ɗauki mai 2.5. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a dukan gefen biyu, domin idan ka juya ɗaya, wufa ɗaya za ta riƙa turawa yayin da ɗayar ke ja, sautin ƙasa ya ɓace, murya kuma ta rasa mazauni.

Bayan ka kawo kayan gida, sauran aikin na jeri ne, kuma ba ya cin ko sisi. Sitiriyo, tun yadda Alan Blumlein ya tsara shi a Ingila a 1931, dabara ce ta sa kunne ya ji kamar sauti yana fitowa daga wurare daban-daban tsakanin lasifika biyu, kuma dabarar ba ta aiki sai tazararka da kowace ɗaya ta zama daidai. Ka jera su yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta yi kusan daidai da tazarar kowace zuwa kanka, wajen mita biyu, ƙaramin bakin yana saitin kunnenka a zaune, ka ɗan karkato su su fuskance ka. Idan akwatin yana da rami a baya, ka janye shi daga bango da kamar santimita 30 zuwa 50, ka kuma guji kusurwa, inda sautin ƙasa ke kumbura. Kowane ɗaki yana da sautin da yake ƙarfafawa gwargwadon tsawonsa: ka raba 343, wato gudun sauti a mita cikin daƙiƙa, da ninki biyu na tsawon ɗakin, sai ka ga ɗaki mai mita 4 yana amsa kuwwa a wajen Hz 43, daidai inda jitar bes take zaune. Idan ka ji wani sauti ɗaya yana rinjayar sauran, ka matsar da kujerarka gaba da rabin mita daga bangon baya kafin ka zargi lasifikar, ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da ita idan daɓen ƙasan mai santsi ne, sannan ka sake saurarar waƙar nan mai murya zalla ka ji ko mawaƙin ya tsaya a tsakiya.